Yanke Bakin Kwano: A Kula da Bango, a Kula da Rai

A ƙasar Batsari da Safana, kusa da Dajin Rugu, mun ga yadda rufin kwano yake maye gurbin soro da jinka. Bangon dai yawancinsa na ƙasa ne har yanzu. Sa'ad da kafinta ya gama buga kusa, sai ya bi bakin kwanon ya daidaita shi. A nan ne magidanta da yawa suke yin hasara ba su sani ba.

Abu na fari, kada a yanke shi daf da bango. Daga watan Yuni zuwa Satumba ruwa yakan zo da iska, ya bugi ginin ƙasa. In bakin kwano gajere ne, ruwan zai zuba a gindin bango, yaɓe ya zube, ɗaki ya tsage. Muna ba da shawara a bar wajen ƙafa 2.

Na biyu, dā da almakashin kwano ake yi. Yanzu samari sukan ari injin yankan ƙarfe na masu walda, su ta da janareta. Faifan ƙaramin injin yakan juya wajen sau 11,000 a minti ɗaya. Zafinsa yana ƙone tutiyar da aka shafa wa kwano, tsatsa kuwa daga nan take farawa. Almakashi ya fi jinkiri, amma ba ya ƙona kome.

In ya zama dole a yi da inji, a yi awo, a ja layi, a yanka a ƙasa kafin a hau da kwanon. Mai yanka ya sa tabarau da safar hannu, kada kuma ya cire murfin faifan. Injin yana bukatar hannu biyu. Wanda yake kan tsani, da me zai riƙe kansa? A duba inda wayar lantarki ta shiga gida, gama kwano yana ɗaukar wuta. Da rani, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye rumbu da karan dawa.

Uwargida, ki janye yara daga ƙarƙashin mai aiki, a kuma share gutsattsarin kafin su fito ba takalmi. Maigida, kada ka matsa wa kafinta don hadari ya taso. Kwanon da ya lalace ana iya sayen wani a kasuwa. Ido da yatsa kuwa, ba inda ake sayar da su.