Idan Tantabara Ta Kwanta, Likita Kuma Yana Nesa

Duk wanda ya taɓa ratsa lungunan Birni ko na Zango da sassafe a cikin watannin hunturu ya san wani kuka mai taushi da ke saukowa daga kan soraye tun kafin a buɗe shaguna. Kukan tantabaru ne. A gidaje da dama na Damagaram akan tarar da tsofaffin tukwane, ko gwangwanaye, ko akwatunan katako rataye a jikin bango, kowane da ma'aurata biyu a ciki. Yara maza ne suka fi ɗawainiya da su, amma akwai dattawan da ba su karya kumallo sai sun watsa musu hatsi. Teloli da masu shaguna sukan rataye kanari cikin kejin kara a bakin ƙofa, aku kuwa sai gidan mai hali. Sha'anin tsuntsu ba baƙo ba ne a wannan ƙasa, domin a ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimun, gashin jimina yana cikin hajar da ayarin raƙuma ke ɗauka daga Zinder zuwa Tarabulus.

To, wata rana sai yaro ya hau ya leƙa tukunya, ya tarar da tantabararsa ta takure a lungu, gashinta ya tashi, idanunta a lumshe, ga hatsin jiya ba ta taɓa ba. Sau da yawa hakan na faɗowa ranar Asabar ko Lahadi, ofishin ma'aikatar kiwo a rufe. Ko da ranar aiki ce, likitocin bisashe ba su da yawa, kuma shanu da raƙuma da tumaki na jahar, tun daga Magarya har Tanut da Gure, sun ishe su aiki. Mutumin ƙauye da ke da tafiyar yini kafin ya kai ga likita ba zai ɗauki tantabara guda ya shiga mota ba. Saboda haka abin da aka yi a gida cikin awoyin farko shi ne yakan raba tsakanin tashi da mutuwa.

Dalilin wannan gaggawa yana cikin halittar tsuntsu. A daji, wanda ya nuna rauni shi shaho ke fara ɗauka, don haka tsuntsu yakan ɓoye ciwonsa iyakar ƙarfinsa, ya riƙa tsalle yana tsattsagar hatsi kamar lafiyayye. Ranar da mai shi ya lura, galibi cutar ta kwana biyu a jiki. Ga shi kuma zafin jikinsa yana wajen digiri 41, ya fi na ɗan Adam, kuma da abincin da yake ci ne yake riƙe wannan zafi. Da ya daina ci, sai sanyi ya kama shi. Tashin gashin nan da ake gani ƙoƙari ne na tare ɗumin da ya rage. Kanari, da nauyinsa bai wuce giram 15 ba, ba ya jure fiye da kwana ɗaya ko biyu babu abinci.

Abu na fari shi ne a raba shi da sauran. A samo kwali mai tsabta, a huda masa ƙofofin iska, a shimfiɗa tsumma ko farar takarda a ƙasa, a sa tsuntsun a ciki, a kai shi ɗaki mai shiru inda iskar hunturu ba ta bugowa, nesa da kyanwa da hannun ƙananan yara. Farar takardar tana da amfani na biyu, watau za ta nuna launin kashinsa, abin da likita zai fara tambaya. Wajen ɗauka kuma a yi hattara: tsuntsu da motsin ƙirji yake numfashi, wanda ya damƙe shi ta ƙirji ya shaƙe shi ke nan. A rufe fukafukan da tafin hannu a hankali.

Sai ɗumi. A cika buteli da ruwan zafi, a naɗe shi da tsumma, a ajiye a gefe guda na kwalin, yadda tsuntsun zai matso in yana so, ya ja da baya in ya ishe shi. Abin da ake nema shi ne ɗumi kamar na digiri 28 zuwa 30. In ya buɗe baki yana haki, ya saki fukafukai, zafi ya yi yawa. A watannin bazara, lokacin da zafin Zinder ke wuce digiri 40, inuwa da iska yake bukata, ba buteli ba.

Amma fa kada a kusantar da shi ga kaskon gawayi, ko da niyyar alheri ce. Bayan huhu, tsuntsu yana da jakunkunan iska a cikin jiki, kuma numfashinsa yana zuƙe abin da ke cikin iska fiye da namu. Saboda wannan ne masu haƙar kwal a Ingila suka riƙa shiga rami da kanari cikin keji, in ya faɗi su san iska ta ɓaci su gudu, kuma ba a bar wannan al'ada ba sai a 1986. Hayaƙin gawayi, da turaren wuta, da maganin sauro na ƙonawa ko na fesawa, duk suna iya ƙarasa marar lafiya a cikin rufaffen ɗaki.

Bayan ya ɗan ji ɗumi, sai ruwa, domin ƙishirwa ta fi yunwa saurin kisa, musamman ga mai zawo. Ruwan gishiri da sukari da uwaye suka sani na zawon yara yana yi wa tsuntsu aiki na yini ɗaya ko biyu: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada a ƙara gishiri bisa wannan. Tantabara ba ta sha kamar kaza, wadda ke ɗiban ruwa ta ɗaga kai. Ita tsoma baki take yi ta zuƙa. Don haka a tsoma mata bakin cikin ƙaramin kofi, ban da hanci, sau da yawa za ta sha da kanta. Ga kanari da aku, a ɗiga a gefen baki, ɗigo ɗaya, a jira ya haɗiye. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a wage baki a ɗura ruwa. Ƙofar numfashi tana nan a gindin harshe, ruwan kuwa in ya bi ta can ya tafi huhu. Tsuntsun da ba ya iya riƙe kansa, ba a ba shi komai ta baki sai ya farfaɗo.

Abinci shi ne na ƙarshe, kuma wanda ya saba ci ne, ba sabo ba. Gero ko dawa da aka jiƙa suka yi laushi, a ajiye kusa da shi yadda ba sai ya yi tafiya ba. Aku a ba shi ayaba ko gwanda, amma ban da piya, domin guba ce ga tsuntsaye.

A nan ne ake zuwa ga abin da ya fi kashe tsuntsayen gida bayan cutar kanta, watau magani. Da tantabara ta kwanta, sai a aiki yaro wurin mai tallan magani a faranti, ya sayo kafso ɗin nan da ake kira tupaye, ko farasetamol, a fasa a zuba cikin ruwa. Mai yin haka ba mugu ba ne, tausayi ne ya sa shi. Sai dai lissafi bai goyi bayansa ba. An auna ƙwayar ne domin mutum mai kilo 60. Tantabara mai giram 300 ta gaza shi sau 200, kanari kuwa sau 4,000. Babu mai iya raba garin kafso kashi 200 da farce. Ga shi maganin ya yini cikin rana a kan mai talla, ba a san ranar da ya lalace ba. Sannan ɗacinsa yakan sa tsuntsun ya ƙaurace wa ruwan gaba ɗaya, garin neman gira a rasa ido. Haka ma ɓawon maɗaci da barkono da kakanni ke jiƙa wa kaji: ba a raina hikimar magabata ba, amma ruwan da marar lafiya ya ƙi sha bai amfane shi da komai ba.

Babban abin ma shi ne, cutar da ta fi addabar kaji da tantabaru a lokacin hunturu ba ta jin irin wannan magani ko kaɗan. Ita ce wadda likitoci ke kira Niyukasil, da sunan wani gari na Ingila inda aka gane ta a 1926. Alamunta koren zawo, da rawar jiki, da murɗewar wuya har kai ya juya sama, tsuntsu ya kai sara ga hatsi ya kuskure. Ƙwayar birus ce ke kawo ta, kuma har yau ba ta da magani sai allurar rigakafi. Kaji takan share su cikin ƴan kwanaki. Tantabara kuwa ta fi juriya: da yawa daga masu murɗaɗɗen wuya yunwa da ƙishirwa ke kashe su, don ba su iya kai baki ga abinci. In aka ware ta, aka zuba mata hatsi cikin kwano mai zurfi, ko aka riƙa sa mata ƙwaya ɗaya ɗaya a baki safe da yamma, wata takan miƙe bayan makonni. Aikin haƙuri ne, kuma yaron da ya ɗauke shi ya cancanci a taimaka masa da hatsi, ba a yi masa dariya ba.

Akwai wata cutar da ta fi kama ƴan shila. In an buɗe baki sai a ga wani abu rawaya kamar cuku manne a maƙogwaro. Iyaye ne ke ba su ita wajen ɗura, ruwan sha na tarayya kuma yana yaɗa ta. Wannan tana da magani a wurin likita, kuma tana warkewa in an yi da wuri. Abin da aka hana shi ne a kankare da tsinke, domin jini zai ɓalle. Ƙurajen da ke fitowa gefen ido da baki da damina kuwa sauro ne ke kawo su, galibi sukan bushe su faɗi da kansu. Jinin rauni a danne shi da tsumma mai tsabta, in na farce ne a barbaɗa garin alkama. Cizon kyanwa dai, ko ya yi ƙanƙanta, na likita ne, don yakan ruɓa daga ciki.

Duk wannan bayani na tsuntsu guda ne. In biyu ko uku suka mutu a yini ɗaya, ko kajin maƙwabta suka fara zubewa, magana ta fita daga hannun mai gida. Mutanen wannan jaha sun ga misali. A farkon Fabrairu na 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye, nau'in H5N1, a wata gonar kaji da ke Jaji kusa da Kaduna, karo na farko a Afirka. Kafin watan ya ƙare aka same ta a jikin agwagi a Magarya, bayan an aika da samfuri ɗakin bincike na Paduwa a Italiya. Hukuma ta hana zirga-zirgar kaji, daga baya aka hallaka na yankin. Cutar tana kama mutum, ta kuwa kashe wata mata a Legas a 2007. Saboda haka al'adar nan ta a yi maza a yanka kafin ta mutu, a fige a sa a tukunya, ita ce hanya mafi kusa da cuta ke bi ta shiga gida, kuma mata da yara masu figa su ne a gaba. Gawar a ɗauke ta da leda a hannu, a binne da zurfi inda kare ba zai tone ba, a wanke hannu da sabulu, a sanar da mai gari ko ma'aikacin kiwo mafi kusa, wanda zai iya kai samfuri ga LABOCEL, ɗakin binciken cututtukan bisashe na ƙasa.

Masu aku suna da nasu kashedi. Akwai zazzaɓin da ake ɗauka daga ƙurar busasshen kashinsa, wanda ya yi ɓarna a Turai da Amurka a 1929 da 1930. A yayyafa ruwa kafin a share keji. In wani a gidan ya kamu da zazzaɓi da tari alhali aku ba shi da lafiya, a gaya wa likitan asibiti cewa akwai tsuntsu a gida.

Likita kuma bai yi nisan da ba. Tun farkon shekarun 2000 aka soma kafa likitocin bisashe masu zaman kansu a karkarar Nijar, kowane da mataimakan da aka horar a ƙauyuka, cikinsu har da mata masu yi wa kaji rigakafi. Wayar salula ta rage sauran tafiyar. Mai tsuntsu yana iya ɗaukar hoton kashin da na cikin bakin ya tura ta WhatsApp, ya faɗi yaushe ciwon ya fara, nawa suka kamu, me aka riga aka ba shi, kuma ko an shigo da baƙon tsuntsu kwanan nan. Wannan tambaya ta ƙarshe takan warware zance, domin sau da yawa cuta daga kasuwa take zuwa, a cikin kwando ɗaya da kyakkyawar tantabarar da aka yi ciniki ranar Alhamis a Kasuwar Dole. Sabuwar saye a ajiye ta ita kaɗai, da kwanonta na ruwa daban, har mako uku, kafin a buɗe mata tukunya a jikin bango.