Kayan Hannu na Gidan Bahaushe a Yammacin Zamfara: Matsayinsu da Makomarsu a Ƙasashen Anka, Gummi da Bukkuyum

Gabatarwa

Manazarta Hausa sun daɗe suna ba waƙa da tatsuniya da karin magana kulawa, alhali ƙwarya da akushi da turmin da waɗannan sassan adabi suke ambata ba su sami irin wannan gata ba. Wannan maƙala ta dubi kayan hannu na gargajiya a ƙasashen Anka, Gummi da Bukkuyum, domin bayyana abin da suke ɗauke da shi na ilimi, da kuma barazanar da ke fuskantar tsofaffinsu a yau.

Rabe-raben Kayan

Ana iya kasa kayan gwargwadon abin da aka yi su da shi. Daga duma ake samun ƙwarya da masaki da ƙoƙo da ludayi. Ana fafe duma bayan ya bushe, a kankare cikinsa, sannan a yi wa bayansa zane da wuƙa ko da ƙarfe mai zafi. Daga itace masassaƙa ke fitar da turmi da taɓarya da akushi da kujerar mata, kuma sukan fifita ƙirya wajen turmi saboda taurinta. Daga yumɓu ake gina randa da tulu da tukunya da kasko, yayin da kabar goriba ke ba da tabarma da faifai. A farfajiyar gida kuwa akwai rumbu da zana, a lambun fadama akwai jigo da guga na ban ruwa. Gulbin Zamfara, wanda ya ratsa wannan yanki, shi ne tushen yumɓu da fadamun da yawancin sana'o'in suka dogara a kansu.

Kowane ɗayan waɗannan kaya yana ba da shaida iri uku: muhallin da aka samo kayan haɗinsa, hannun da ya yi shi, da matsayinsa a zamantakewa. Misali, ƙwarya ba mazubi ba ce kawai. Da ita ake jeren ɗakin amarya kafin kwanonin sanholama da tasoshi su karɓe bango, kuma yawan ƙorai da kyan zanensu ke nuna ƙoƙarin uwar amarya. Idan ta fashe ba a jefar da ita, gyartai ne zai ɗinke ta. Samuwar sana'a sukutum domin gyaran ƙwarya hujja ce ta darajarta, kamar yadda karin maganar "kowace ƙwarya da abokiyar burminta" ke nuna yadda ta zama ma'aunin dacewa tsakanin mutane.

Abin da Aka Taskace

Anka tana da gata na musamman a wannan fage, kasancewarta mazaunin Sarkin Zamfara. Bajamushen masani Kurt Krieger ya yi bincike a can cikin shekarun 1950, ya wallafa littafinsa na tarihin Zamfara a Balin a 1959, sannan ya yi rubutu a kan ginin tukwane a gundumar Anka a 1961. Sai dai ayyukan da Jamusanci suke, don haka ɗalibin Hausa na yau da wuya ya amfana da su. Fassara su zuwa Hausa zai samar da ma'aunin kwatanta sana'ar jiya da ta yau.

Barazanar da Ke Fuskantar Kayan

Barazana ta farko sauyin kasuwa ne. Roba da alminiyam sun fi araha da sauƙin ɗauka, sai ɗan masassaƙi da ɗiyar maginiya suka rasa dalilin gadon sana'a. Idan sana'a ta mutu, sunayen kayan aikinta da na zane-zanenta suna bin ta kabari, kuma wannan asara ce ga harshe, musamman ga karin harshen yamma.

Ta biyu ita ce gubar dalma. A 2010 aka gano annobar a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Abare, Dareta, Bagega da 'Yargalma, inda yara aƙalla 400 suka rasu. Ana daka duwatsun zinariya a cikin gidaje, wani lokaci da turmin da ake daka hatsi. Saboda haka tsohon turmi daga irin waɗannan wurare na buƙatar gwaji kafin a ajiye shi a ɗaki ko a gidan tarihi.

Ta uku ita ce matsalar 'yan bindiga. Wanda ya tsere daga ƙauyensu cikin dare ba ya ɗaukar randa ko akushin kakarsa. Abin da wuta ta bari, gara da damina kan ƙarasa shi. Wanda ya tsira da wani abu kuma, yunwa kan sa ya sayar wa dillalai a wulaƙance. Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta hana fitar da kayan tarihi daga Nijeriya ba da izini ba, amma ma'anar da ta ba su ta fi karkata ga abin da aka yi kafin 1918 ko wanda aka yi amfani da shi a bukin gargajiya. Ke nan, ƙwaryar jeren da aka zana a 1960 tana iya faɗawa wajen wannan kariya.

Kammalawa

Ceton kayan kaɗai ba zai wadatar ba, domin akushin da ba a san garinsa da masassaƙinsa ba itace ne kurum. Abin da ya kamaci sassan Hausa na jami'o'in Gusau da Sakkwato shi ne su haɗa hoto da suna da furuci da tarihin kowane abu, daga bakin tsofaffin da yanzu suke zaune a garuruwan Anka da Gummi da Bukkuyum a matsayin 'yan gudun hijira. Waɗannan tsofaffi ne suka san sunan kowane zane, kuma aikin ba zai yiwu a bayansu ba.