Ƙananan tsibirai suna ba juna labari

Jama'ar Cirozerin, kun san Fashi da Bilma. Garuruwa ne a tsakiyar rairayin Tenere. Tsibiri ma haka yake, sai dai shi ruwan teku ne ya kewaye shi. Akwai ƙasashen da dukansu tsibirai ne, kamar Kap-Ber da Komor da Moris a nan Afirka. Wata ma, Tuvalu, mutanenta duka ba su kai na garin Arlit ba.

Babbar damuwarsu teku ce. Duniya tana ƙara zafi, ƙanƙara tana narkewa, ruwa yana hawa. A ƙasar Maldib, yawancin wurare ba su wuce mita 1 bisa ruwan teku ba. Ruwan gishiri yana shiga rijiyoyi da garake. Mai garka ya san wannan ba ƙaramar hasara ba ce.

Ƙaramar ƙasa ita kaɗai, wa zai saurare ta? Don haka a shekara ta 1990 suka kafa ƙungiya mai suna AOSIS. Ƙasashe 39 ne a cikinta. Suna aika wa juna labari, su tsai da magana guda kafin babban taro. A taron Paris na 2015 sun dage, har aka rubuta cewa za a yi ƙoƙari kada ƙarin zafin duniya ya wuce digiri 1 da rabi.

Akwai kuma labarin gaggawa. A tsibirin Reyuniyon, ma'aikatan yanayi suna tsaron guguwar teku dare da rana. In ta taso, sai su sanar da Madagaska da Moris da Komor. Rediyo ya faɗa, masunta su jawo jiragensu bakin gaɓa.