BABI NA UKU: TSARA ƊAKUNAN GWAJI DA RABON LOKACI GA MASU BINCIKE A CIBIYAR SESAME

3.1 Shimfiɗa

A wannan babi za a yi bayanin yadda ake tsara ɗakunan gwaji a cibiyar sinkirotiron, da kuma hanyar da mai bincike kan bi kafin a ba shi damar yin aiki a cikinsu. An ɗauki cibiyar SESAME da ke garin Allan na ƙasar Jodan a matsayin zakaran gwajin dafi, saboda cibiya ce da aka gina da kuɗi ƙalilan, don haka kowace shawara da aka yanke a kanta sai da aka auna ta sosai.

Sinkirotiron na'ura ce mai siffar zobe wadda ƙananan ƙwayoyin lantarki da ake kira ilaktiron suke zagayawa a cikinta da gudun da ya kusa kai na haske. Duk lokacin da maganaɗisu ya lanƙwasa musu hanya, sai su fitar da haske mai tsananin ƙarfi, tun daga infirared har zuwa eksire. An fara ganin irin wannan haske a shekarar 1947 a ɗakin binciken kamfanin General Electric da ke Amurka. Da farko masana sun ɗauke shi a matsayin asarar ƙarfi kawai, daga baya ne aka gane cewa da shi za a iya leƙa cikin abubuwa har zuwa yadda ƙwayoyin zarra suka jeru.

3.2 Magudanar Haske da Ɗakin Gwaji

Hasken ba ya amfanar kowa muddin yana cikin zobe. Sai an janyo shi ta wani dogon bututu da aka zuƙe wa iska, wanda a wannan aiki aka zaɓi a kira shi magudanar haske, domin aikinsa ya yi kama da na magudanar da ke ɗebo ruwa daga madatsa zuwa gonar rani. A kan hanya akwai madubai masu tattara hasken, da kuma matacin haske, wanda galibi lu'ulu'un silikon ne, mai zaɓo irin ƙarfin da ake buƙata ya watsar da saura. A ƙarshen magudanar ne ɗakin gwaji yake, inda ake ajiye samfuri da na'urar ɗaukar sakamako. Idan hasken eksire mai ƙarfi ne, akan lulluɓe bangon ɗakin da dalma, kuma ba a buɗe hanyar hasken sai an duba ɗakin an tabbatar babu kowa a ciki, an kulle ƙofa. Mai bincike yana wani ɗaki dabam yana sarrafa komai ta kwamfuta.

A nan ne matsalar tsari take. Kowace magudana tana da aikin da ta dace da shi, kuma wadda aka gina don nazarin ƙwayoyin halitta ba za ta yi aikin ɗaukar hoton cikin dutse ba. Haka kuma gurabe a jikin zobe ƙidayayyu ne, gina magudana guda kuwa kan ci miliyoyin daloli da shekaru masu yawa. Saboda haka zaɓen magudanar da za a fara ginawa daidai yake da zaɓen waɗanne masana ne za su fara cin gajiyar cibiyar, waɗanne kuma za su jira.

3.3 Yadda Aka Tsara SESAME

Asalin shawarar ta fito ne a shekarar 1997 daga Herman Winick na jami'ar Stanford da Gustav-Adolf Voss na cibiyar DESY ta Jamus, waɗanda suka ga ya kamata a ba ƙasashen Gabas ta Tsakiya tsohuwar na'urar BESSY I ta birnin Balin maimakon a wargaza ta. Hukumar UNESCO ta rungumi aikin a 2002. Amma da tafiya ta yi nisa sai aka lura cewa ƙarfin tsohuwar na'urar, wato ilaktiron-bolt miliyan 800, ba zai ba da hasken eksire da masanan yankin suke nema ba. Sai aka yanke shawarar gina sabon zobe mai kewayen mita 133 da ƙarfin ilaktiron-bolt biliyan 2.5, a mayar da sassan BESSY I su zama masu tunkuɗa ilaktiron zuwa cikinsa. Wannan shawara ta jinkirta aikin da shekaru, ta kuma ninka kuɗinsa, amma da wuya a ce kuskure ce, domin ba a gina wa mutane abin da za su raina.

Kuɗi kuwa sun yi wuya. A 2012 ƙasashen Iran da Isra'ila da Jodan da Turkiyya suka yi alkawarin ba da dala miliyan 5 kowacce, Tarayyar Turai kuma ta biya kuɗin maganaɗisun zoben, cibiyar CERN ta kula da ƙera su. A watan Disamba na 2013 dusar ƙanƙara ta rushe rufin ginin. Sai a ranar 16 ga Mayu, 2017 Sarki Abdullahi na Biyu na Jodan ya buɗe cibiyar.

Idan aka duba magudanun farko za a ga yadda aka yi ɗinki daidai ƙyalle. Ta farko, wadda ta sami haske a ƙarshen 2017, tana gano irin ƙarafan da ke cikin samfuri da yanayin da suke ciki, abin da masu nazarin gurɓatar ƙasa da ruwa suke matuƙar buƙata; an harhaɗa ta ne da sassan da aka ciro daga wata magudana ta cibiyar ESRF da ke Faransa. Ta biyu ta infirared ce, ta fara aiki a 2018, masu nazarin lafiya da kayan tarihi ne suka fi neman ta. Ta uku, ta nazarin tsarin kayayyaki, da sassan da Suwizalan ta bayar aka gina ta. Daga baya aka ƙara HESEB a 2022 da taimakon Jamus, sai BEATS a 2023, mai ɗaukar hoton cikin abu ba tare da an fasa shi ba, wanda babban al'amari ne a yankin da ke cike da tsofaffin ƙasusuwa da tukwane da rubuce-rubucen da ba za a iya maye gurbinsu ba.

3.4 Rabon Lokacin Haske

Mai bincike ba ya sayen lokaci, nema yake yi. Cibiya kan sanar da buɗe ƙofar nema, ESRF alal misali sau biyu take yi a shekara. Sai ya rubuta gajeriyar takarda ya bayyana tambayar da yake son amsawa, da dalilin da ya sa kayan aikin jami'arsa ba za su iya amsa ta ba, da magudanar da yake so, da yawan lokacin da zai ishe shi. Akan lissafa lokacin ne da zango-zango na awa takwas, saboda na'urar dare da rana take aiki.

Takardar kan bi ta hannu uku. Masanin da ke kula da magudanar zai duba ko gwajin mai yiwuwa ne da kayan da ake da su. Jami'in kiyaye haɗari zai duba ko samfurin yana da guba ko ƙwayar cuta ko yana iya kamawa da wuta. Kwamitin masana daga wajen cibiyar kuma shi zai ba da maki bisa ingancin ilimin, a jera takardun daga sama zuwa ƙasa, a yi ta rabawa har lokaci ya ƙare. Wanda ya samu ba ya biyan ko kwabo, da sharaɗin zai wallafa sakamakonsa kowa ya gani. Kamfanin da ke son ɓoye nasa sakamakon shi ne yake biya. Ana kuma keɓe wani kaso don gyaran na'ura da binciken ma'aikatan cibiyar.

Wannan tsari yana da adalci, amma yana da tasgaro. Wanda ya taɓa yin aiki a sinkirotiron ya fi sanin yadda ake rubuta takarda mai karɓuwa, ga kuma sakamakon baya da zai nuna, don haka sabon shiga yakan sha wuya kafin ya kutsa. Ɗalibin digiri na uku da aka ba kwana biyu ko uku, idan samfurinsa ya lalace a hanya ko na'ura ta tsaya, sai ya jira wani zagayen, wato kusan rabin shekara. Wannan ne ya sa masu tsara SESAME suka fara tarukan masu amfani da cibiyar da tura matasa horo a Turai shekaru da dama kafin a kunna na'urar.

Akwai kuma abubuwan da kwamitin masana ba shi da iko a kansu. Ƙasashe takwas ne mambobi: Masar da Iran da Isra'ila da Jodan da Fakistan da Falasɗinu da Turkiyya da Saifurus, wasunsu ba su da hulɗar jakadanci da juna. An zaɓi Jodan ne bisa sharaɗin za ta bar masanan kowace ƙasa su shigo. Kuɗin wutar lantarki ma yana cikin abin da ke ƙayyade yawan awannin da za a raba, shi ya sa tashar hasken rana da aka ƙaddamar a watan Fabrairu na 2019, da kuɗin Tarayyar Turai, ta shafi rabon lokaci kai tsaye. A lokacin annobar korona ta 2020, da tafiye-tafiye suka tsaya, cibiyoyi da yawa sun koma karɓar samfuri ta hanyar aikawa, ma'aikatansu su yi gwajin, mai binciken yana bibiya daga ƙasarsa ta intanet.