Firizar Ƙanƙara Ba Ma'ajiyar Jini Ba Ce

Wani matashi ɗan unguwarmu a nan Zinder, wanda ke shekara ta biyu a karatun dakta kan sinadaran jikin halitta, ya yi asarar aikin damina guda cur a cikin firizar gidansu. Ya bi ƙauyukan yankin Mirya da Magariya yana karɓar jinin yara masu zazzaɓin cizon sauro, ya ware ruwan jinin a ƴan kwalabe, da niyyar kai su Yamai inda ya yi rajistar tez ɗinsa. Da tafiyar ta ja lokaci, sai ya ƙulle su a leda ya cusa cikin firizar da mahaifiyarsa ke daskarar da ƙanƙara da zoɓon sayarwa. Firizar da ba ta hutawa tun hantsi har isha'i, duk yaron da ya zo da dala biyar sai an ɗaga murfi. Aka ɗauke wuta, komai ya narke. Wuta ta dawo, komai ya sake daskarewa. Ranar da ya zo ɗauka, takardun da ya manna a jikin kwalaben sun jiƙe sun saɓule, lambobin da ya rubuta da biro sun zama shuɗin ruwa a gindin leda. Ko da jinin bai lalace ba, wa zai iya cewa wannan kwalbar ta wane yaro ce? Yanzu sai ya jira wata daminar.

Haushi ya riga tausayi zuwa mini. Mutumin da ya yi lisans shekara 3, ya ƙara masta shekara 2, ba ya buƙatar a gaya masa furotin ba ya jure zafi. Ƙwan da aka dafa ba ya komawa ɗanye, haka furotin da ya warware daga siffarsa, sanyin da aka ba shi daga baya ba ya gyara shi. Kowane narkewa da sake daskarewa yana ƙara ɓarna. Abin da ya fi muni, na'ura ba za ta ce maka jinin nan ya lalace ba. Lamba za ta fitar, ka kwafe ta ka zuba a tez, wani likita ya karanta gobe ya ɗauka gaskiya ce.

Ku kuma iyaye, da ku nake. Ɗa ya shigo da leda ya ce kayan makaranta ne, babu wanda ya tambayi mene ne a ciki? Jinin mutum ne fa, kusa da ƙanƙarar da yaran unguwa za su tsotsa. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya kwana 7 da ranta a busasshen jini a waje, sanyi kuwa adana ta yake yi. Kwalba ɗaya ta tsage, shi ke nan. Jini, fitsari, majina, ko wani ruwan sinadari, babu wanda ke da gurbi inda ake ajiye abinci, ko da mai shi ya kusa zama dakta. Ku ce a fitar da shi, ba rashin goyon bayan karatu ba ne.

Halin wutarmu kowa ya san shi. Layin da ke ciyar da Maradi da Zinder daga Katsina yake zuwa, kuma ba mu manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse shi aka yi watanni ana karɓa-karɓa. Zafin Afrilu da Mayu yana haura digiri 40. Jami'ar André Salifou ƙarama ce a shekaru, a 2010 aka kafa ta, kuma yawancin gwajin da ke buƙatar manyan na'urori sai an dangana da Yamai, Jami'ar Abdou Moumouni ko cibiyar CERMES, wani ma sai Dakar ko Faransa. Wanda ya san haka, ya kuma fara karɓar jini bai san inda zai kwana ba, sakaci ne, kada ya ɗora wa ƙaddara.

Ma'ajiya ake fara nema kafin allura ta taɓa hannun kowa. Ka zauna da malamin da ke duba tez ɗinka ku tantance sanyin da kayanka ke so. Firij na tsakanin digiri 2 da 8 na ƴan kwanaki ne kawai. Ruwan jini yana son 20 ƙasa da sifiri, abu mai saurin lalacewa irin RNA kuwa 80 ƙasa da sifiri. Ka nemi labo mai injin wuta ko sola, a rubuta maka izini a takarda, ka san sunan mai riƙe da makulli da lambar wayarsa. Kada ka daskarar da komai a kwalba ɗaya. Ka rarraba shi ƙanana-ƙanana, don duk sa'ad da kake buƙata ka ciro ɗaya, sauran su ci gaba da barcinsu. Lamba a jikin kwalbar kanta ake rubuta ta, da alƙalamin da ruwa ba ya gogewa, a murfi da gefe, sannan a littafin labo a ranar. Wurin da ya rage a firiza a cike shi da gorunan ruwa, cikakkiyar firiza ta fi riƙe sanyi in an ɗauke wuta, muddin ba a buɗe ba. Ma'aunin sanyi kuma kuɗinsa bai kai na katin waya na wata ba, amma za ka shiga wuri ka tarar babu shi.

Akwai kayan da ba sa ma buƙatar sanyi. Mai neman DNA yana iya ɗiga jini a takardar tace jini ta busar a inuwa, ya sa a leda da ƙwayoyin shanye danshi. Mai aiki kan ganye, zogale ne ko sabara, shi ma inuwa ce tasa, ba tabarma a tsakar rana ba.

Za a ce kuɗi. Na san burs ba ya kai wata, kuma sinadaran gwaji daga waje ake odar su da tsada. Amma na ga masu tara kuɗin walimar ranar kare tez, da ɗinki da mai hoto, alhali ba su da kula mai kyau ko ɗaya. Sakamakon ma haka, shekara guda na aiki yana cikin waya ɗaya a WhatsApp, ranar da aka zare ta a kasuwar Dole sai kuka. A ajiye kwafi a kwamfuta, wani a intanet, wani wajen malami.

Ranar tafiya Yamai, kusan kilomita 900 ne, yini guda a mota. Kular ta cika da ƙanƙara, a naɗe ta da salatif, ta zauna kusa da ƙafarka, ba a cikin kaya kusa da inji ba, takardar izinin kwamitin ɗa'a tana aljihunka saboda shingen hanya. Kada ka tashi ranar Juma'a ka isa da dare labo a kulle har Litinin. Ka kira wanda zai karɓa tun kana tasha, ka sake kiransa in kun wuce Dosso.