Daga mitar wuta zuwa famfon lambu: Wa ke tsare sirrin ƙananan na'urori a Yamai?

A birnin Yamai, ba wayar salula kaɗai ke aika saƙo ba. Kyamarorin tsaro a shaguna da na'urorin bibiyar motoci da babura duk suna tura bayanai dare da rana. Har a lambu ma abin ya kai: injiniya ɗan Nijar Abdou Maman Kané ya ƙirƙiro tsarin da manomi ke kunna famfon ban-ruwa da wayarsa, aikin da ya ba shi kyautar ruwa ta Sarki Hassan na II a 2015.

Sai dai irin waɗannan na'urori ƙwaƙwalwarsu ƙarama ce, wasu kuma da batir ko hasken rana suke aiki. Manhajojin tsaro masu nauyi da kwamfuta ke ɗauka kan cinye musu caji, shi ya sa wasu kamfanoni ke sakaci da tsaron domin kayansu su yi araha.

Darasin Laberiya

A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da na'urorin intanet a duniya. Dabararta ba wani tsafi ba ne: tana gwada kalmomin sirri kusan 60 da na'urorin ke fitowa da su daga masana'anta, waɗanda masu su ba su canza ba.

A ƙarshen shekarar an yi amfani da irinta wajen kai wa kamfanin sadarwa na Lonestar hari a Laberiya, lamarin da ya dagula intanet a ƙasar. A 2019 wata kotu a Birtaniya ta ɗaure Daniel Kaye wata 32 kan harin.

Lambobi 20 na mitar wuta

Mai sayen wuta ta mitar biya-kafin-sha yana mu'amala da fasahar ɓoye bayanai ko bai sani ba. A tsarin STS da ƙasashen Afirka da dama ke bi, lambobi 20 ɗin nan an kulle su ne da makullin mita guda, don haka ba sa aiki a ta maƙwabci, kuma ba a loda su sau biyu. Wannan ya nuna ƙaramar na'ura ma na iya samun tsaro idan an tsara ta da kyau tun farko.

A Fabrairun 2023 hukumar NIST ta Amurka ta zaɓi tsarin Ascon domin kulle bayanai a na'urori marasa ƙarfi. Birtaniya kuwa tun Afrilun 2024 ta haramta sayar da na'urori masu kalmar sirri mai sauƙin cinka.

Me doka ta ce a Nijar?

Dokar 3 ga Mayun 2017 ce ta samar da hukumar kare bayanan jama'a ta HAPDP, aka sabunta ta a Disambar 2022, ga kuma dokar laifukan intanet ta 2019. Hoton fuskar mutum da bayanin inda motarsa ta bi duk bayanan sirri ne.

Amma doka ba za ta shiga shago ta canza wa kowa kalmar sirri ba. Matakin farko na hannun mai kaya: ya canza kalmar ranar da aka kafa na'urar, ya tabbatar mai kafawar bai riƙe ta ba, ya riƙa sabunta manhaja, ya kuma rufe damar kallo daga nesa idan ba ya bukata. Kyamarar da aka bari a buɗe na iya nuna wa ɓarawo lokacin da gida ba kowa.