Tsagewar Leɓe a Hoton Ciki: Abin da Ake Faɗa da Abin da Ya Tabbata

A Basawa da Samaru da Sabon Gari, idan hoton ciki, wato sikanin, ya nuna cewa ɗan tayi yana da tsagewar leɓe, laifin yakan faɗa kan uwa, a ce ta yi yawon magariba ta gamu da iska, ko ta fita ranar husufin wata. Wannan zargi ba shi da tushe, domin leɓen sama yana haɗewa ne tsakanin mako na 4 da na 7 na ciki, ganɗa kuma, wato rufin baki, ta biyo baya da 'yan makonni, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar da cikin ba. Haka nan ba na'urar ce ke jawo tsagar ba, tunda hoton da ake ɗauka a mako na 18 zuwa 22 abin da ya riga ya faru yake nunawa.

Akwai gaskiya a batun gado, sai dai yakan zo ta wajen uba ko ta wajen uwa, kuma ciwon suga da shan taba da wasu magungunan farfaɗiya suna ƙara haɗarin, ko da yake bai kamata mai ciki ta daina magani ba tare da shawarar likita ba. Masu cewa ba komai sikanin ke gani ba su ma ba su yi ƙarya ba, domin tsagewar ganɗa kaɗai ba kasafai take bayyana ba sai an haihu.

Mafi cutarwa ita ce maganar cewa irin wannan jariri ba mai rayuwa ba ne, alhali kusan 1 cikin kowane jarirai 700 a duniya haka ake haifarsa, kuma galibinsu lafiyar ƙwaƙwalwarsu ƙalau. Abin tsoron shi ne yunwa, saboda mai tsagaggiyar ganɗa ba ya iya zuƙar nono sosai, yakan kuma fito masa ta hanci, don haka ake koya wa uwa tun kafin haihuwa ta tatsa ta ba shi da cokali ko ƙaramin kofi, tana riƙe da shi a zaune. Ana ɗinke leɓe a wata 3 zuwa 6, ganɗa kuma wajen shekara guda, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da likitocin wannan tiyata, yayin da ƙungiyar Smile Train ke ɗaukar nauyin aikin kyauta a asibitoci da dama na Nijeriya.